Yadda Ake Rubuta Firogiram Na Ninka Matiris Da Yaren C, Har A Leƙa Asembili

Satin da ya wuce ɗan ƙanwar mamana da ke karanta kimiyyar kwamfuta ya same ni a shago nan Samaru da laptop ɗinsa a hammata, ko gaisawa bamu gama ba yace "Yaya, dan Allah duba min wannan abin, tun jiya yake ba ni amsar banza, kuma wallahi daidai na rubuta." Aikin da aka basu shine ninka matiris biyu, wato teburin lambobi da aka jera sahu sahu, da yaren C. Na duba, kuskuren harafi ɗaya ne tak, amma harafin nan ya nuna min yaron bai gane abin da ke faruwa a cikin memori ba, lissafin kawai ya haddace. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda nake koyar da abin, daga takarda har zuwa rijista, ƙananan ma'ajiyar lambobi da ke cikin firosesa.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: a yaren da ke kusa da inji babu wani abu wai shi matiris. Memori layi ɗaya ne miƙaƙƙe, gida na bin gida kamar shagunan bakin titin PZ, kai ne zaka yanka layin nan a kanka kace daga nan zuwa nan sahu na farko ne. In ka gane wannan, sauran duk sauƙi ne.

Fara da biro da takarda

Kar ka buɗe kwamfuta tukuna. Ɗauki misalin ɗalibai biyu da zasu yi cefanen wata, kaya uku: shinkafa, wake, garin kwaki. Na farko zai sayi mudu 2, 1, 3, na biyu kuma mudu 1, 4, 2. Wannan shine matiris A, sahun kwance 2, sahun tsaye 3.

```
A =  2  1  3
     1  4  2
```

Sai farashin mudu a kasuwa biyu, ace Sabon Gari da Samaru. Lambobin nan na misali ne kawai na saka ƙanana dan lissafi yayi sauƙi, kar wani yaje kasuwa da su yace ni na aike shi.

```
B =  5  6
     4  3
     2  2
```

Nawa na farko zai biya a Sabon Gari? 2×5 + 1×4 + 3×2 = 20. A Samaru fa? 2×6 + 1×3 + 3×2 = 21. Na biyu zai biya 25 da 22. Toh amsar kenan:

```
C =  20  21
     25  22
```

Kaga abin da muka yi, sahun kwance na A muke ɗauka mu haɗa shi da sahun tsaye na B, ɗaya bayan ɗaya, mu tara. Kuma daga nan zaka ga dalilin dokar nan da ake haddacewa ba tare da an gane ba, cewa dole yawan sahun tsaye na A yazo daidai da yawan sahun kwance na B. Kaya uku ka saya, farashi uku kake buƙata, in farashi biyu aka baka ina zaka samo na garin kwaki? In A girmansa m×n ne, B kuma n×p, toh C zai fito m×p. Rubuta 20, 21, 25, 22 a gefen takarda, da su zamu gwada kod ɗin.

Kayan aiki

Kompaila kawai kake buƙata, wato manhajar da ke fassara kod ɗinka zuwa yaren inji. In Linux gareka gcc ya isa. In Windows ne, Code::Blocks akwai wanda ke zuwa da MinGW a ciki, shi zaka sauke. Wanda bashi da laptop ma kar yace an barshi a baya, Termux a wayar Android yana yi, ka rubuta `pkg install clang` shikenan ka samu kompaila a aljihu, ni kaina da an ɗauke wuta batirin laptop ya mutu a waya nake ƙarasa irin wannan gwajin.

Me yasa C? Dennis Ritchie ne ya ƙirƙire shi a Bell Labs ta Amurka wajen 1972 dan rubuta Unix, kuma har yau baya ɓoye maka memori. A Python ka rubuta `A @ B` da NumPy an gama, ba laifi bane, amma baka ga komai ba.

Yadda matiris ke kwanciya a memori

Nan ne zan daɗe, dan nan ne ake faɗuwa. C yana jera matiris sahu bayan sahu. A ɗinmu a memori haka yake:

```
gida:   0  1  2  3  4  5
A:      2  1  3  1  4  2
B:      5  6  4  3  2  2
```

In kana son abin da ke sahun kwance na i, sahun tsaye na j, sai ka tsallake sahu i cikakku sannan ka ƙara taku j. Kowane sahu tsawonsa shine faɗin matiris ɗin. Dan haka gidan shine i × faɗi + j. Gwada: a A, sahu na 1 tsaye na 1, tunda daga sifili ake fara ƙirga, 1×3 + 1 = 4, gida na 4 kuwa 4 ne a ciki, daidai.

Lura da kalmar faɗi. Faɗin A shine n, faɗin B shine p, faɗin C shima p. Kowa da nasa, ba'a aron na wani. Fortran kuma akasin haka yake yi, shi sahun tsaye yake jerawa ɗaya bayan ɗaya, saboda haka in wata rana ka haɗa kod ɗinka da laburaren da aka rubuta da Fortran ka ga amsa ta fito a juye, ka san inda zaka duba.

Zaka iya cewa ai C na da `a[i][j]`, me ya kai ni wahala? Gaskiya ne yana da shi, kuma kompaila lissafin nan dai yake maka a ɓoye. Ni na fi son ɗalibi ya rubuta da hannunsa ko sau ɗaya ne, dan ranar da aka ce ya koma asembili, yaren da ake ba firosesa umarni ɗaya ɗaya da shi, babu mai yi masa.

Zuciyar firogiram ɗin

```c
void ninka(const double *a, const double *b, double *c,
           int m, int n, int p)
{
    for (int i = 0; i < m; i++) {
        for (int j = 0; j < p; j++) {
            double jimla = 0.0;
            for (int k = 0; k < n; k++)
                jimla += a[i*n + k] * b[k*p + j];
            c[i*p + j] = jimla;
        }
    }
}
```

Lup uku ne, wato `for` ɗin nan masu maimaita aiki. Na waje yana zaɓar mutum, na tsakiya yana zaɓar kasuwa, na ciki yana bin kaya ɗaya ɗaya yana tarawa. `jimla` dole a mayar da ita sifili a cikin lup na j, ba a waje ba, in ka fitar da ita waje kuɗin na farko zai hau kan na biyu. In kuma ka manta baka bata sifili ba sam, C ba zai maka magana ba, duk tarkacen da ya tarar a wurin da shi zai fara.

Yanzu kuskuren yaron nan. `b[k*n + j]` ya rubuta maimakon `b[k*p + j]`. Abin takaicin shine duk gwajin da yayi da matiris 2×2 da 3×3 ne, inda n da p duk ɗaya ne, sai kod ɗin ya rinƙa bada amsa daidai yana ta murna. Da aka bashi 2×3 da 3×2 sai asiri ya tonu. Na sa shi ya bi da yatsa a takarda: gidan farko na C zai ɗauki b[0] wato 5, sai b[3] wato 3 maimakon 4, sai b[6], alhali B gida shida ne daga 0 zuwa 5. Ya shiga gonar wani kenan. Yayi shiru yana kallon takardar sannan yace "Kai Yaya, wato ashe babu mai tsare ni in na wuce iyaka?" Nace babu, wani lokacin ka samu lambar banza, wani lokacin allo ya rubuto maka `Segmentation fault` ya rufe, kuma gara ma ya rufe ɗin dan aƙalla ka san da matsala. Dan haka gwajinka na farko kar ya zama matiris mai faɗi da tsawo ɗaya.

Karɓar lambobi da neman wuri

```c
#include <stdio.h>
#include <stdlib.h>

int main(void)
{
    int m, n, n2, p;
    if (scanf("%d %d %d %d", &m, &n, &n2, &p) != 4) return 1;
    if (m <= 0 || n <= 0 || p <= 0 || n != n2) {
        printf("Ba za su ninku ba\n");
        return 1;
    }
    double *a = malloc((size_t)m * n * sizeof(double));
    double *b = malloc((size_t)n * p * sizeof(double));
    double *c = calloc((size_t)m * p, sizeof(double));
    if (!a || !b || !c) return 1;

    for (int i = 0; i < m*n; i++) scanf("%lf", &a[i]);
    for (int i = 0; i < n*p; i++) scanf("%lf", &b[i]);

    ninka(a, b, c, m, n, p);

    for (int i = 0; i < m; i++) {
        for (int j = 0; j < p; j++)
            printf("%8.2f ", c[i*p + j]);
        printf("\n");
    }
    free(a); free(b); free(c);
    return 0;
}
```

Saka `ninka` a saman `main`, ajiye da suna ninka.c, sannan:

```
gcc -Wall -O2 ninka.c -o ninka
./ninka
```

Shigar da 2 3 3 2, sai lambobin A, sai na B. In baka ga 20 21 25 22 ba kar ka ci gaba. Dan kar ka gaji da bugawa kullum, zuba lambobin a fayil ka rinƙa kira da `./ninka < gwaji.txt`.

Ƙananan abubuwa da ke cin mutane anan: `scanf` na `double` da `%lf` ake yi, in ka saka `%f` shirme zaka karanto. Sannan dalilin da yasa nayi amfani da `malloc` maimakon in rubuta `double a[1000][1000]` a cikin `main`: kowane `double` bayit 8 ne, miliyan ɗaya daga cikinsu bayit miliyan 8 kenan, guda uku miliyan 24, shi kuwa wurin da ake ajiye kayan cikin fankshan ɗan ƙarami ne, a Linux yawanci megabayit 8, a Windows ma 1, firogiram ɗin zai mutu tun kafin ya karanta lamba ɗaya kai kana can kana neman kuskure a lup. In kuma `int` kake amfani da shi ka tuna iyakarsa 2,147,483,647 ce, jimla in ta wuce nan zata iya juyewa ta koma ƙasa da sifili ba sallama, sai ka tara a `long long`. Wani kuma kar ya gwada rubuta amsa a kan A kai tsaye dan tsimin memori, zaka goge lambar da kake buƙata a zagaye na gaba.

Sauka ƙasa: asembili

Wanda aka ba aikin da asembilin firosesar MIPS, a MARS ko SPIM masu kwaikwayonta a kwamfuta, abin da ke sama shine dai zaka fassara, bambancin kawai yanzu har ninkawa da girman bayit kai zaka yi. MIPS na da rijista 32, kuma baya lissafi a kan memori kai tsaye, sai ka ɗauko da `lw` kayi aiki ka mayar da `sw`. Ace lambobin `int` ne masu bayit 4, `$a0` `$a1` `$a2` na riƙe da adireshin farkon A, B, C, `$s0` shine i, `$s1` j, `$s2` k, `$s4` n, `$s5` p. Ga lup na ciki:

```
        li   $t0, 0            # jimla
        li   $s2, 0            # k
ciki:   bge  $s2, $s4, ajiye
        mul  $t1, $s0, $s4     # i*n
        add  $t1, $t1, $s2     # + k
        sll  $t1, $t1, 2       # sau 4
        add  $t1, $t1, $a0
        lw   $t2, 0($t1)
        mul  $t3, $s2, $s5     # k*p
        add  $t3, $t3, $s1     # + j
        sll  $t3, $t3, 2
        add  $t3, $t3, $a1
        lw   $t4, 0($t3)
        mul  $t5, $t2, $t4
        add  $t0, $t0, $t5
        addi $s2, $s2, 1
        j    ciki
ajiye:  mul  $t1, $s0, $s5     # i*p
        add  $t1, $t1, $s1
        sll  $t1, $t1, 2
        add  $t1, $t1, $a2
        sw   $t0, 0($t1)
```

`sll` da 2 tura bit ne hagu sau biyu, wato ninkawa da 4. Ka manta shi MARS zai yi ƙorafin adireshi bai zauna a kan iyakar kalma ba, dan `lw` sai adireshin da 4 ke raba shi. Lup biyu na waje na bar maka, tsarinsu ɗaya da wannan. Shawarata kafin ka rubuta layi ɗaya, zana teburi a takarda wace rijista ke riƙe da me, dan bayan minti ashirin wallahi zaka manta ko `$s4` n ne ko p. In ka gama yayi aiki, sai ka lura `mul` ɗin adireshi ma basu zama dole a cikin lup ba: adireshin A ƙara masa 4 kawai kake yi kowane zagaye, na B kuma ƙara masa 4×p. Kuma in kana son ganin yadda gcc ke fassara naka kod ɗin na C, `gcc -S -O2 ninka.c` zai fitar maka da ninka.s ka karanta.

Sauri: sauya jerin lup kawai

Ninka 1000×1000 da 1000×1000 ninkawa biliyan ɗaya ne, kuma in girman ya ninka biyu aikin sau takwas yake ƙaruwa. Toh anan maganar memori ta farko zata dawo.

Firosesa yafi memori sauri nesa ba kusa ba, shi yasa yake da ɗan rumbu a jikinsa da ake kira kash. In ka nemi lamba ɗaya, ba ita kaɗai ake ɗauko masa ba, guntu ne na bayit 64 a yawancin injinan yanzu, wato `double` 8 da ke jere. Kamar a aiki yaro kasuwa ne, tunda yaje gara ya ciko leda. A kod ɗinmu A na cin moriyar wannan dan gida bayan gida muke binsa. B kuwa kowane taku tsallen p muke yi, in p dubu ne tsallen bayit 8000 kenan, yaro yaje kasuwa ya ciko leda mu ɗauki abu ɗaya mu sake aikensa, kafin mu dawo kan sauran bakwai ɗin ma wataƙila an fitar da su daga rumbun.

Maganin shine a musanya j da k:

```c
for (int i = 0; i < m; i++)
    for (int k = 0; k < n; k++) {
        double x = a[i*n + k];
        for (int j = 0; j < p; j++)
            c[i*p + j] += x * b[k*p + j];
    }
```

Lissafin bai canza ba, yawan ninkawa ɗaya ne, amma yanzu B da C duk a jere ake binsu. Sharaɗi ɗaya: C dole ya fara da sifili tunda tarawa ake yi a kansa, dalilin `calloc` ɗin da na saka a sama kenan, dan shi yana bada wurin cike da sifili. In zaka kira fankshan ɗin sau biyu a kan C ɗaya, share shi tsakani.

Kar ka yarda da ni haka nan, auna. Saka `#include <time.h>`, cika matiris da `rand()`, ɗauki `clock()` kafin da bayan kira, ka raba bambancin da `CLOCKS_PER_SEC`. A 100×100 ba lallai ka ga komai ba dan duk ya shige kash, kai shi 1000 ko 1500 sai ka ga tazara. Ka buga ko lamba ɗaya daga C a ƙarshe, dan kompaila in ya ga babu mai amfani da amsa yana iya share aikin gaba ɗaya ka zaci ka ƙirƙiro kod mafi sauri a duniya.

Mataki na gaba shine yanka matiris gida gida, misali 32×32. Kowane yanki na `double` kilobayit 8 ne, uku 24, zasu zauna a kash na farko mai kilobayit 32 irin wanda injina da yawa ke da shi, sai a gama da su kafin a ɗauko wasu. Lup shida zai zama maimakon uku, kuma wurin da ake tuntuɓe shine baki baki in 32 bai raba girman ba, dole iyakar kowane lup na ciki ta zama wanda yafi ƙanƙanta tsakanin ƙarshen yanki da ƙarshen matiris.

Akwai wanda zai kawo maganar Strassen. Eh, Volker Strassen Bajamushe ya nuna a 1969 cewa 2×2 na ninkuwa da ninkawa 7 maimakon 8, in aka maimaita dabarar a kan yankuna aikin na sauka daga n³ zuwa kusan n^2.81. Amma tarawa da ɗebewa sun ƙaru, memori ma haka, sai matiris ya girma sosai ake ganin riba, ni dai ban ba mai koyo shawarar ya fara da shi ba. In kuma aikin gaske ne ba na aji ba, `dgemm`, fankshan ɗin ninka matiris na laburaren OpenBLAS, zaka kira, irin waɗannan laburaren na BLAS ne ma NumPy ke jingina da su a ƙasa.

Gwaji kafin ka miƙa

Ninka A da matiris mai 1 a kan layin kusurwa sauran sifili, dole A ya dawo yadda yake. Gwada 1×3 da 3×1 ka samu lamba ɗaya, juya su ka samu 3×3, nan ma zaka gani da idonka A×B ba B×A bane. Bada girman da bai dace ba ka tabbatar ya ƙi. In kana kwatanta amsar hanya biyu da `double` kar kayi amfani da `==`, ɗebe su ka duba ko bambancin bai kai 1e-9 ba, wato ɗaya cikin biliyan. Sannan ka haɗa shi sau ɗaya da `gcc -g -fsanitize=address ninka.c -o ninka` ka sake bi da fayil ɗin gwajin nan na 2×3, in akwai inda ka taka gidan da ba naka ba zai tsayar da firogiram ɗin ya faɗa maka lambar layin. Da muka gwada shi a kan tsohon kod ɗin yaron nan, layin `b[k*n + j]` ɗin ya nuna kai tsaye.